Gawo da zanen bango: abin da tarihin Damagaram ke koya wa garin Matamai

Wannan taƙaitacciyar ƙasida tana ƙoƙarin amsa tambaya guda: me ya sa gonakin da ke kewaye da Matamai suka cika da itatuwa, alhali titunan garuruwan yankin suna fama da ƙura, da leda, da ruwan kwata? A ganinmu, amsar tana cikin tarihin mallaka.

Bisa ga labarin baka, Sarkin Damagaram Tanimun (1851-1884) ya hana saran gawo, tare da hukunci mai tsanani ga wanda ya karya dokar. Dalilin a fili yake: gawo na kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani. A cikin Birnin Zinder kuwa, attajirai sun riƙa sa magina su ƙawata fuskar zaure da zane, domin bangon da aka yi wa ado shaida ce ta darajar maigida, kuma dole a riƙa yi masa yaɓe.

Bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899, lamarin ya canja. Dokar daji ta 1935 ta sanya itatuwa a hannun hukuma, dokar 1974 ta bi sawunta. Manomi ya wayi gari yana tsoron ƴan gandun daji a kan icen da ya tsiro a gonarsa, sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami. Farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa ɓarnar.

Daga taron Maraɗi na 1984 kan gurgusowar hamada, da kuma sassaucin hukuma da ya biyo baya, manoma suka koma barin tsiron gawo suna yi masa aski. Binciken Larwanou, Abdoulaye da Reij na 2006 ya kiyasta kimanin hekta miliyan 1 da ta sake yin itatuwa a Magarya, Matamai da Mirya. Dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manoma ƙarfin gwiwa.

Cikin gari fa? Tun 1975 ake shuka itatuwa ranar 3 ga Agusta, amma dogon yaron da aka dasa a bakin titi ba tare da mai ba shi ruwa ba, akuya ce ke gadonsa. Haka nan dokar 2014 da ta hana ledar da ba ta ruɓewa ba ta kawar da leda daga kwatoci ba.

Saboda haka, duk shirin ƙawata bangon makaranta ko kasuwa da zane, ko dasa itatuwa a unguwa, ya kamata ya fara da tambayar da gawon Matamai ya riga ya amsa: na wane ne, kuma wa zai ci amfaninsa?