Dokokin harshe da karatun jami'a: masu jin Faransanci a Kanada

Kanada ƙasa ce mai harsunan gwamnati biyu: Ingilishi da Faransanci. Dokar tarayya ta 1969 ce ta daidaita su. Yawancin masu Faransanci suna zaune a jihar Kebek, amma akwai kimanin mutum miliyan ɗaya a sauran jihohi. A can su ƴan tsiraru ne a tsakiyar masu Ingilishi. Ko ɗiyansu za su yi karatu da harshen gida, wannan ya danganta ga abin da doka ta tanada.

A da, doka ma ta tauye su. A 1912 jihar Ontariyo ta kafa ƙa'ida mai lamba 17, wadda ta taƙaita koyarwa da Faransanci ga shekaru biyu na farko na firamare. An daina aiki da ita a 1927, kuma a 2016 gwamnatin jihar ta nemi gafara.

Mene ne tsarin mulki ya tanada?

A 1982 aka saka kundin haƙƙoƙi a cikin tsarin mulkin ƙasar. Sashe na 23 ya ba iyaye ƴan tsiraru haƙƙin ɗiyansu su yi firamare da sakandare da harshensu, in yawan yara ya isa. A 1990, a shari'ar Mahé ta jihar Albata, kotun ƙoli ta yanke cewa iyayen suna da haƙƙin sa hannu a tafiyar da makarantun.

Sai dai sashen bai ambaci jami'a ko makarantun koyon sana'a na gaba da sakandare ba. Ilimi kuwa a hannun jihohi yake. Saboda haka yaro yana iya gama sakandare da Faransanci, ya rasa inda zai ci gaba kusa da gida. Ko dai ya koma Ingilishi, ko ya bar garinsu.

Abin da jihohi suka yi

A Niyu Burunsiwik, inda masu Faransanci suke da yawa, an kafa Jami'ar Monkton a 1963. A Ontariyo, dokar hidimomi da Faransanci ta 1986 ta share fage. Makarantar La Cité ta buɗe a Otawa a 1990, ta Boréal kuma a Sadbari a 1995. Dukansu suna koyar da sana'o'i da Faransanci, kuma ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna zuwa karatu a cikinsu.

Amma abin da tsarin mulki bai kare ba, sabuwar gwamnati tana iya soke shi. A 2017 Ontariyo ta yi dokar kafa jami'a mai Faransanci zalla. A Nuwamban 2018 gwamnatin Doug Ford ta dakatar da aikin, ta ce babu kuɗi. Dubban mutane suka fito zanga-zanga. A 2020 jihar da tarayya suka amince su raba kuɗin, dala miliyan 126 ta Kanada cikin shekara 8. Jami'ar ta buɗe a Toronto a 2021.

A shekarar nan ta 2021 Jami'ar Laurentian mai harshe biyu ta faɗa cikin bashi, ta rufe fannonin karatu 69, 28 daga ciki na Faransanci.

A 2023 aka gyara dokar harsuna ta tarayya. Gwamnatin tarayya ta ɗauki alkawarin tallafa wa karatun ƴan tsiraru da harshensu tun daga yarinta har jami'a. Gina makaranta da biyan malamai kuwa, jihohi ne ke da ta cewa. In babu jami'a mai Faransanci, da wuya a samu malamai da likitoci da alƙalai da za su yi wa al'ummar aiki da harshenta.