Tazarar Maza Da Mata A Ilmin Boko: Waiwaye Daga Karkarar Arewacin Kano

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun ratar da ke tsakanin 'ya'ya maza da mata wajen shiga makaranta a ƙasashen Ungogo, Minjibir, Dawakin Tofa da Ɓichi, inda gona ke manne da gona.

Tun farko ba tare aka tashi ba. Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909 domin maza, amma sai a 1930 aka buɗe ta mata a biranen Kano da Katsina. Ita ma 'ya'yan fada da na ma'aikatan En'e ta fi ɗauka, ba ta kai ga 'yar manomi ba.

Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai aji ƙauye. Ban da haka, a 1977 aka buɗe sakandaren kimiyya ta maza a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, ta mata kuwa sai a 1981 a Taura. Watau ko a nan ma mata ne a baya.

Sau da yawa akan ɗora laifin a kan addini. Amma tarihin Nana Asma'u (1793-1864), wadda ta riƙa aika jajis suna karantar da matan karkara, bai goyi bayan wannan zato ba. Ya kamata mu dubi tattalin arzikin gida. A wannan yanki matan aure suna kulle, suna sana'ar ƙuli-ƙuli, man gyaɗa da fura daga cikin gida. Yarinya ce ƙafar uwarta zuwa kasuwa, kuma da ribar tallarta ake tara kayan ɗakinta. Saboda haka uwar da ta sa 'yarta a makaranta, jarinta ta taɓa.

Wannan rata ba dauwamammiya ba ce. A Amurka mata sun zarce maza yawa a jami'o'i tun wajen 1980, haka kuma abin yake yau a yawancin ƙasashen Turai da Kudancin Amurka. Bangaladash, ƙasar Musulmi manoma, ta fara biyan 'yan matan karkara alawus na sakandare a 1994, har suka cim ma maza. Afirka kudu da Sahara ce har yanzu maza suka rinjaya a jami'a.

Darasin da za mu ɗauka, mu masu horar da malamai, shi ne gina aji kaɗai bai isa ba. Duk shirin da bai tanadi abin da zai maye wa uwa gurbin talla ba, rajista zai cika, bencin 'yan mata kuwa ya zauna wayam ranar kasuwa.