MAƘALAR MAKO: Tsibiran Yawuri, Tarihin Da Ruwa Ya Ci

 

Duk lokacin da aka ambaci tafiya a adabinmu, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne doki da raƙumi da jaki: ayarin fatake, madugu a gaba, zango bayan zango har Gwanja ko Agadas. Kamar mun riga mun yanke hukunci cewa mu mutanen tudu ne, harkar ruwa kuwa ta mutanen kudu ce. A ƙasashe irin su Girka, mutane kan biya kuɗi masu kauri su hau jirgin da iska ke turawa, su shafe mako guda suna sauka tsibiri bayan tsibiri don hutu kawai, kuma sun cika kantunan littattafai da labarin wannan yawo. Mu kuwa muna da al'ummar da tafiya daga tsibiri zuwa tsibiri ita ce rayuwarta ta yau da gobe, ɗaruruwan shekaru, a cikin tsohon Lardin Sakkwato. A shekarar 1968 ruwa ya rufe akasarin waɗannan tsibirai, kuma har yau alƙalaminmu bai waiwaye su yadda ya kamata ba.

INA RUWAN RIMA KE ZUWA?

Daga nan Runjin Sambo, wanda ya miƙe hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zai tarar da Gulbin Rima a Kwalkwalawa. Da rani yakan janye har mutum ya raina shi, amma a 2010 ya tuna wa Sakkwatawa ko shi wane ne, lokacin da ambaliya ta yanke hanyar jami'a aka koma shiga kwalekwale. Wannan ruwa ba a nan yake tsayawa ba. Yana gangarawa ta Argungu, ya bi ta gefen Birnin Kebbi, ya nausa kudu har ya faɗa Kogin Kwara, wanda Turawa suka kira Neja, kafin a kai ƙasar Yawuri. Ke nan itacen da aka jefa a Kwalkwalawa, in bai maƙale ba, a Yawuri zai kwana wata rana.

Magabatanmu sun san wannan hanya sarai. A farkon ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya ɓalle daga ƙarƙashin Askiya na Sanwai ya kafa daular Kabi, da babban birninta a Surame. Ƙarfinsa bai tsaya ga dawaki ba, domin fadamun gulbi da jiragen ruwa suna daga cikin abin da ya sa Kabi ta gagara. Tarihin baka ya ce yana da jirgi na musamman da aka lulluɓe da tagulla, mai matuƙa hamsin. Daular Sanwai ita ma tana da sarautar shugaban jiragen ruwa, kuma masuntanta, waɗanda ake kira Sorko, su ne tushen sunan Sarkawa da muka sani a yau: masunta masu magana da Hausa da suka bazu daga Kabi zuwa Kwara da Binuwai har Tafkin Chadi. In muka ƙara komawa baya, kwalekwalen da wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙar rijiya a Dufuna ta jihar Yobe a 1987 ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. A Arewa aka same shi.

MUTANEN GUNGU

Da Kwara ya iso ƙasar Yawuri sai ya baje, ya rarrabu rassa-rassa, ya bar tsibirai manya da ƙanana a tsakiya. Bahaushen wannan yanki yana kiran tsibiri gungu, shi ya sa ya kira mazauna cikinsu Gungawa. Su da kansu Reshe suke kiran kansu, kuma suna da harshensu. Tare da su akwai Lopawa da Larawa da Shangawa, ga Kambari a kan tudu, ga Sarkawa masu bin kifi duk inda ya nufa.

Wanda aka haifa a gungu, kwalekwale ne jakinsa, shi ne dokinsa. Da shi ake zuwa gona, da shi ake cin kasuwa, da shi ake kai amarya, da shi ake zuwa ta'aziyya a gungun da ke gaba. Inda ruwa ke da zurfi a sa filafili, inda ya yi ƙasa a sa gora a dafa ƙasa a tura. Gungawa sun shahara da noman albasa a ƙasar da ruwa ya janye ya bari, suna yi mata ban ruwa da hannu, ban da gero da dawa da shinkafa. Sun kuma yi suna wajen kokawa da farautar dorina.

Akwai wani sirri na wannan kogi da ya kamata duk mai son rubutu a kansa ya sani: Kwara sau biyu yake cika a shekara a wannan yanki. Cikar farko ta damina ce, daga ruwan saman ƙasashenmu, ruwa mai laka da ke kai ƙarshen ƙarfinsa wajen Satumba, shi ake ce wa farin ruwa. Cika ta biyu kuwa daga duwatsun Gini take tasowa. Ruwan yakan daɗe yana yawo a manyan fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, sai ya iso Yawuri cikin hunturu, wajen Disamba zuwa Fabrairu, ya yi garau har ya yi duhu, shi ne baƙin ruwa. Wato a lokacin da ƙura ta turnuƙe Sakkwato, rijiyoyi suka fara ja baya, a lokacin ne kogi ke cike a Yawuri. Noma da su da fatauci da bukukuwan mutanen gungu duk a kan wannan kalanda ta ruwa biyu suka ginu.

Su kansu fataken da muke yawan ambato ba su isa Gwanja ba sai da yardar mutanen ruwa. Hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja dole ta ƙetare Kwara, kuma Yawuri na daga cikin manyan mashigai. A nan ayari kan sauke kaya, a yi cinikin kuɗin fito, a loda mutane da kaya a jirage, sannan a san dabarar da za a yi da jakuna. Wannan ne ya ba sarautar Yawuri arziki da muhimmanci. Gungu kuma mafaka ne: da yaƙin basasa ya yi tsanani a tsakiyar ƙarni na 19, sarautar ta bar Birnin Yawuri ta koma tsibirin Ikum, sai a 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa.

BAƘIN DA SUKA RUBUTA MU

Abin takaici shi ne mafi yawan abin da duniya ta karanta game da waɗannan tsibirai baƙi masu wucewa ne suka rubuta shi. A Nuwamba 1805 Mungo Park ya taso daga Sansandin a ƙasar Mali ta yau, cikin jirgin da ya harhaɗa daga kwalekwale biyu. Ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 a kan kogi, bai cika sauka ya gaida sarakuna ko ya biya haƙƙin hanya ba, ya fi dogara da bindiga. A Yawuri jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, kuma a farkon 1806 ya halaka a duwatsun Busa, inda ruwa ke gudu da ƙarfi ta matsatsin hanya.

A 1824 Hugh Clapperton ya zo nan Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da burin ya wuce Yawuri ya ga kogin, amma bai samu izni ba. Ya dawo karo na biyu, ajali ya riske shi a Sakkwato a Afrilu 1827. Hadiminsa Richard Lander ne ya dawo da ƙanensa John a 1830. Sun hau kwalekwale daga Busa suka yi sama zuwa Yawuri neman takardun Park, suka shafe makonni a can ba su samu ba. A Satumba suka juya suka gangara, suna kwana a wannan gungu su wayi gari a wancan, suna roƙon jirgi daga wannan sarki zuwa wancan. A ƙasar Nufe, kusa da Raba, sun haɗu da wani basarake mai tarin jirage, kuma sarautar da suka rubuta masa, duk da karkacewar rubutun Bature, a fili Sarkin Ruwa ce. A Nuwamba suka faɗa teku, aka ce sun gano bakin Kwara.

Mu lura da abu guda. Ba su ne suka tuƙa jiragen ba. Mutanen gungu ne suka san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, da reshen da ke ɓullewa da wanda ke mutuwa a ciyawa, da inda dorina ke kwana. Amma a littattafan sun zama "matuƙa" kawai, ba suna, ba uwa, ba uba. Daga cikin 'yan gida da suka cike wani ɓangare na wannan giɓi akwai marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan ƙasar Yawuri kuma tsohon shugaban jami'ar Sakkwato, wanda ya yi bincike a kan Yawuri ta ƙarni na 19. Wannan aikin masana ne da Turanci. Namu na masu ƙirƙira da Hausa yana nan yana jira.

SHEKARAR DA RUWA YA TASHI

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji don samar da lantarki, aka gama a 1968. Ruwa ya taru a bayanta ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya kai har Yelwa. Tsohon garin Busa ya nutse, duwatsun da suka ci Park suka nutse, babban tsibirin Foge da ƙauyukansa suka nutse. An tashi mutane kimanin 44,000 aka mayar da su sababbin matsugunai da gwamnati ta gina da siminti a kan tudu. Masu binciken kufai sun yi gaggawar tono a wasu wurare kafin ruwa ya iso, kuma a kusa da Yelwa sun samu kayan yumɓu da suka haura shekara 1,000.

A takarda, an yi musaya: gida a madadin gida. Amma mutumin da ya san noman albasa a lakar gungu an kai shi ƙasar tudu mai jiran ruwan sama. Kaburburan iyaye sun koma ƙarƙashin ruwa. Maƙwabtan da kwalekwale ke haɗawa cikin ɗan lokaci sun rabu. Sannu a hankali matasa da yawa suka koma Hausa zalla, harshen gida yana ja baya. Lantarkin da aka samu ya haska birane masu nisa, har da Jamhuriyar Nijar.

Tafkin ma ya zo da halinsa. Kogi yana da gaɓa kusa, tafki kuwa fili ne da iska ke tayar wa igiya, ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe suna laɓe a ƙasa. Ga jiragen katako masu inji da ake yi wa lodin da ya wuce kima, ba rigar kariya. A Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da sama da mutum 150 daga jihar Neja ya tarwatse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira. A nan jihar Sakkwato ma, a Afrilu 2022 mutum 29 suka rasu a gulbin Shagari, akasarinsu yara da matasa. Allah ya jiƙansu. Irin wannan labari kan yi kwana biyu a rediyo, a faɗi adadi, a wuce.

ME YA RAGE GARE MU?

Mu yi lissafi mai sauƙi. Yaron da yake da shekara 10 a 1968, wanda zai iya tuna gidansu a gungu da ranar da aka kwashe su, yau yana dosar 70. Waɗanda suka yi aure a can, suka tuƙa jirgi a tsohon kogi, suna dosar 80 ko sun haura. Kowace shekara wasunsu na tafiya da sunayen tsibirai da waƙoƙin tuƙi da kirarin mafarautan dorina. Bikin Rigata na Yawuri da bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, suna nuna mana rawar da kiɗan, amma labarin yana bakin tsofaffi.

Sau da yawa a nan muna kukan cewa jigogi sun ƙare, kowa soyayya, kowa gidan attajiri a Abuja ko Dubai. Alhali ga yarinyar da aka sa wa rana a gungu, aka ɗaura aurenta a gidan siminti. Ga tsohon da ya ƙi tashi sai da ruwa ya shigo zaure. Ga ɗan fito da madugu suna ciniki, ayari na jira, rana na faɗuwa. Ga direban jirgin da ya san lodi ya yi yawa, amma mai jirgi na jiran kuɗi. Daga Sakkwato zuwa Yawuri tafiyar yini ce a mota ta Jega da Koko, kuma wayar da ke hannunmu tana ɗaukar murya. Wanda zai je, ya fara da gaida masu gari, ya nemi izni kafin ya naɗi maganar kowa, ya rubuta sunayen kayan aiki da na kifaye kamar yadda masu su ke faɗa, ya kuma zauna ya saurara fiye da yadda zai yi tambaya. In akwai 'yan Yawuri da Ngaski da Shanga da Argungu a cikinmu, ku ne jagororinmu, ku fara da kakanninku.

Hausawa sun ce a bar kaza cikin gashinta, amma wannan ba irin kazar da ake bari ba ce. Ruwa ya riga ya ci ƙasar, kada mu bari mantuwa ta ci mutanen.

Allah ya yi mana jagora, ya albarkaci alƙalumanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.