Adar, ƙasar da bahar ya bari

Wanda ya hau tudun Adar tsakanin Buza da Keita, ya dubi duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai suna tsaye ɗai-ɗai bisa kwaruruka kamar tsibirai, da wuya ya yarda cewa wannan ƙasa, wadda ma'abutanta ke kwana da begen ruwa, ta taɓa zama ƙarƙashin bahar. Amma masana tarihin ƙasa sun tabbatar cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka shuɗe, wani teku marar zurfi ya malalo daga arewa ya rufe Adar har zuwa ƙasar Sakkwato, kuma hujjarsu tana nan a jikin dutse, domin makiyayi yakan tsinci ƙwanson katantanwa da haƙoran kifi waɗanda suka koma dutse a gefen tudu, alhali tsakaninsa da gaɓar teku tafiya ce mai nisan gaske.

Da ikon Allah ruwan ya janye, ya bar gado hawa-hawa: laka a ƙasa, farin dutse a bisanta, daga baya kuma jan marmara ya lulluɓe su. Farin dutsen nan shi ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, ɗan'uwansa kuma a Kalambaina. Marmara yana da ƙarfi, abin da ke ƙarƙashinsa ba shi da shi, saboda haka duk inda ruwan damina ya sami kafa sai ya yanka, shekara bisa shekara, har aka sami kwarin Majiya da na Keita, inda albarkar noma ta tattaru.

A ganina wannan ne asalin tarihin Adar, domin tudu mafaka ne ranar yaƙi, kwari kuwa abinci, kuma a kansu aka yi ta jayayya, tun kafin Agabba ɗan Sarkin Agadas ya karɓe ƙasar daga hannun Kabi a 1674, Abzinawan Lisawan kuma suka sami girma a cikinta.

Sai dai ruwan da ya haƙa kwarin bai daina aiki ba. Da itatuwa suka ƙare, fari ya tsananta, sai ruwan ya shiga kwashe gonaki, har aka fara dasa layukan dogon yaro a Majiya a 1975, aka kuma kafa aikin Keita da taimakon Italiya a 1984, inda talakawa, akasarinsu mata, suka yi ta ɗaukar dutse a ka suna jerawa a gangare domin tsare ƙasar.