Gàrkuwā

gàrkuwā (sn., mc.; jam. garkuwōyī)

1. Makarin fata da mayaƙi ke tare kibiya ko mashi da shi.

2. Kāriya. *Mis.* ya zama ~ ga marayu. Yin ~ da mutum, tsare shi don neman fansa.

3. (lik.) ~r jiki: fararen ƙwayoyin jini da sinadaran da ke yaƙar cuta.
(a) ƙwayoyin T na CD4: mataimaka, su ke zuga sauran, su sa ƙwayoyin B su samar da sinadaran kāriya. Su HIV ke shiga ya hayayyafa. Lafiyayye: kimanin 500 zuwa 1,500 a maikurolita ɗaya na jini; ga mai HIV, ƙasa da 200, ƙanjamau. *Mis.* an auna masa CD4 a Babban Asibitin Gwarinpa, Abuja.
(b) ƙwayoyin T na CD8: makasa, suna gane ƙwayar jiki da ta kamu, su hallaka ta. Sukan rage yawan HIV a farkon kamuwa.
(c) gajiyar ~: idan cutar ta daɗe, mataimaka sun ragu, HIV kuma yana ta sauya kama, sai makasa su raunana. Nan tarin fuka ke samun ƙofa.
(d) farfaɗowar ~: hauhawar CD4 bayan shan maganin ARV kullum, maganin yana danne HIV, ba ya kawar da shi.

4. Sarautar gargajiya. *Mis.* an naɗa shi ~.

*Dang.* karya-garkuwa (sn.): HIV, cuta mai karya ~r jiki.