Tsohon Soja da Gidan da Ya Kafa a Sabon Gari da Samaru

Saurayin da ya shiga soja a Zariya yana ɗan shekara 18 a 1943, in Allah ya ja zamaninsa zuwa yau, ya haura shekara ɗari. Irinsu kuwa sun kusa ƙarewa. Idan ɗaya ya rasu a Sabon Gari ko Samaru, abin da ake ji a zaman makoki bai cika wuce biyu ba: ya je yaƙin Burma, ya kuma bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne. Na farkon ake faɗa da alfahari, na biyun kuma a ambata a wuce. A ganina ba a yi masa adalcin awo ba. Shekara uku ko huɗu ya yi a fagen fama, amma ya yi shekara sittin ko saba'in yana riƙe da gida, kuma da wannan gidan ne ya fi sauya Zariya.

Alaƙar garin da kaki tsohuwa ce. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha domin ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa baƙi, nesa da ganuwar birni. A 1924 aka kafa makarantar horar da kurata, wadda har yau ake horar da kuratan sojan ƙasa na Nijeriya a cikinta, a 1954 kuma aka buɗe makarantar yara ta soja. Hausa ce harshen fareti da ba da umarni a rundunar Nijeriya ta zamanin Turawa, saboda haka Batibi da Babarbare da Bazabarme da ɗan tsaunukan Filato duk da Hausa suke fita daga bariki. Wanda aka sallama, in bai koma ƙauyensu ba, Sabon Gari ne wurin da ba a tambayarsa asali kafin a ba shi hayar ɗaki.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya mayar da wannan ƙaramar hanya babban titi. Sarakuna da hakimai sun taimaka wajen tara samari, wasu da son ransu, wasu kuma dagaci ne ya nuna su. Sojojin Nijeriya sun fara da gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941 suka nausa Habasha suna korar Italiyawa. Daga 1943 aka kwashi runduna ta 81, daga baya ta 82, zuwa Indiya da Burma. Mutanen Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. A kwarin Kaladan, inda mota ba ta cika shiga ba, a ka aka yi dakon harsashi da abinci, jirgin sama na jefo guzuri daga bisa. Bataliyoyi uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun bi dakarun Janar Wingate da ake kira Chindit zuwa bayan layin Japanawa a 1944, kuma daga nan barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa. A gida kuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a Janairun 1939 Abubakar Imam na edita, ita ke kawo wa iyaye labarin fagen daga. Da suka dawo, Sa'adu Zungur ya tarye su da waƙarsa ta Maraba da Soja.

Abin da suka dawo da shi ne ya fi muhimmanci ga hujjata. Soja ya koya wa da yawansu tuƙi, kanikanci, aikin waya, ɗaurin rauni da ba da magani, wasu kuma karatun boko daidai gwargwado. Sun saba da albashin wata, da agogo, da zama da wanda ba addininsu ɗaya ba. Zariya ta bayan yaƙi kuwa irin waɗannan hannaye take nema: reluwe, gidan gurzar auduga, kamfanin taba, 'yan doka na En'e, sannan Samaru, inda tashar binciken noma da aka kafa a 1922 ta bunƙasa, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Duk ofishin da ke neman direba ko masinja ko maigadi, takardar sallama daga soja ita ce shaidar da ta fi ƙarfi. Aikin ƙarami ne, amma yana kawo kuɗi kowane ƙarshen wata, kuma mai yinsa ya gani da idonsa cewa abin da ya raba kofur da hafsa takarda ce. Shi ya sa, a lokacin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su makarantar boko, tsohon soja da hannunsa yake kai nasa. Ɗakin haya ya zama fili, fili ya zama gida mai sassa, ƙanne da 'ya'yan 'yan uwa daga ƙauye suka zo karatu suka sauka wurin Baba Saje. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, rundunar da ba ta fi mutum 10,000 ba ta kumbura zuwa kusan 250,000, aka sake kiran wasu daga cikin mazan jiyan, 'ya'yansu kuma suka bi sawu. Kowa ya daɗe ya ga daɗau: mutum ɗaya ya sara wa tutar Ingila, ya sara wa ta Nijeriya, ya ga juyin mulki bi da bi, yana nan dai a zaurensa yana raba gardamar jikoki.

Mai suka zai ce wannan yabo ne ga karen farautar Turawa. Ba maganar banza ba ce. Wannan runduna ta zamanin Turawa ce ta tashi daga Zariya ƙarƙashin Kanar Morland ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, kuma yawancin masu riƙe da bindigogin 'yan ƙasa ne. Daga nan ne mutanen birni suka ɗauki ɗan bariki a matsayin wanda ya bar tarbiyyar gida. Amma kurtun 1943 ba a haife shi ba lokacin da aka fasa ganuwar Kano, kuma sau da yawa ba shi ya zaɓi yaƙin ba. Idan za a tuhume shi da yi wa Bature aiki, sai a haɗa da alƙali da akawu da malamin haraji, waɗanda jikokinsu ba sa jin kunyar ambaton su.

Suka ta biyu ta fi nauyi: ba duka ne suka kafa gida ba. Wasu sun dawo da ciwon da ba a gani, wasu giya ta cinye garatutinsu, wasu kuma ba su dawo ba sam, sunayensu na rubuce a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon, inda danginsu ba su taɓa zuwa ba. Sallamar ma ba a yi ta da adalci ba. Takardun da aka fallasa a 2019 game da rundunonin gabashin Afirka sun nuna ana ba farin soja sule 10 kan kowane watan aiki, baƙi kuma sule 3 da sisi. Na yarda da wannan duka, kuma shi ne ma ya ƙara wa waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu daraja, domin da ɗan abin da aka ba su suka yi ginin. Samanja Chari Maigumeri ya sami bariki da sunansa a Lokoja, ya kuma cancanta. Dubban kofur da farabiti ba su sami komai ba sai zuriya.

Tarihin Zazzau da ake karantarwa na sarauta ne da malamai, na soja kuma na janar-janar ne, tsohon kurtu ya faɗa tsakani. Furannin da ake ajiyewa ranar 15 ga Janairu domin tunawa da mazan jiya ba sa riƙe suna. Littafin sallama da lambobin yabo da hoton kaki suna cikin akwatunan ƙarfe a gidajen Muciya da Hayin Dogo, gara da ruwan damina na ci. Jikoki su fito da su, su zauna da gwaggo da kawu da suka ji labarin daga bakin mai shi, su rubuta lambarsa da bataliyarsa da garin da ya fito da aikin da ya yi bayan sallama. Sashen Tarihi na jami'ar Samaru da Gidan Arewa na Kaduna su aika ɗalibai gida-gida su karɓi kwafi tun masu ba da labarin suna raye.