Kalmar "Mashi" a Ƙarshen Suna: Asalinta da Yaɗuwarta

Makasudin wannan takarda shi ne a duba wata kalma da ake yawan gani a ƙarshen sunayen mutane cikin rajistar makarantu da takardun aikin gwamnati, watau Mashi, domin a tantance ko sunan zuriya ce kamar yadda wasu suke ɗauka.

Ta fuskar ma'ana, kowane Bahaushe ya san mashi, makamin nan da ake suka ko jifa da shi. To, amma wanda ake kira Wane Mashi ba daga makami ya samo sunan ba. Sunan garinsu ne, watau Mashi da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, inda Iyan Katsina yake hakimci.

A al'adar Hausawa ta asali, ana raɗa wa yaro sunan yanka ran bakwai, sa'an nan laƙabi ya biyo baya. In ana son a bambanta shi da takwaransa, sai a haɗa da sunan uba ko sana'ar gidansu. Ita kuwa zuriya da jam'i ake ambatonta, kamar Dallazawa da Sulluɓawa da Durɓawa, ba a kuwa liƙa wa mutum ɗaya irin wannan suna. Makarantar boko ce ta yaɗa sabuwar al'adar. Da aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka tara yara daga lardunan Arewa, sai ga Muhammadu da Abubakar barkatai a aji guda, ga kuma kunyar da ke hana yaro ambaton sunan mahaifinsa. Saboda haka aka riƙa rubuta kowa da garinsu. Ta irin wannan hanya muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Isa Kaita da Shehu Shagari. Shi kansa Sardauna Ahmadu Bello, da Ahmadu Raɓa aka fara saninsa.

Wannan ya nuna mana cewa sai mutum ya bar gida yake samun sunan. A kasuwar Mashi ba mai kiran wani Mashi, don kowa ɗan Mashi ne. Shi ya sa yaɗuwar sunan ta bi sawun karatu da albashi: Katsina, Zariya, Kaduna, daga baya Abuja. Alal misali, Farfesa Sani Abubakar Mashi ya shugabanci hukumar kula da yanayi ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2021, wanda ya gaje shi kuma shi ne Farfesa Mansur Baƙo Matazu, shi ma da sunan wani garin na ƙasar Katsina.

A nan ne mai bincike yake iya yin tuntuɓe. Ni kaina na taɓa ɗaukar ɗalibai biyu na ajina 'yan gida ɗaya saboda wannan suna, ashe ɗaya jikan maƙera ne, ɗayan Bafillace, ba su ma san juna ba. Wanda duk ya ƙirga masu sunan Mashi da niyyar ƙirga dangi, to, mutanen gunduma ya ƙirga.

Duk da haka, ba za a ce irin wannan suna ba ya rikiɗa ya zama na gado ba. 'Yar'aduwa unguwa ce a birnin Katsina, amma daga Musa 'Yar'aduwa ta wuce ga 'ya'yansa Shehu da Umaru, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 2007 zuwa 2010. Haka Kumasi ta ƙasar Gana ta zama sunan gidan su Ibrahim Coomassie, Sufeto Janar na 'yan sanda daga 1993 zuwa 1999. Mashi ma ta hau wannan turba, domin fasfo da katin ɗan ƙasa da lambar BVN ta banki, wadda aka fara a 2014, duk suna neman suna guda wanda ba ya sauyawa. Yanzu akwai yaran da aka haifa a Kaduna suna rubuta Mashi, alhali sai da Salla ake kai su garin, in ma an kai su.